Gwanin Katawut: Mai Wayarin da Tsohuwar Akori-Kura a Ƙasar Gobir

A gabashin jihar Sakkwato, daga Isa zuwa Sabon Birni har bakin iyakar Nijar, babu motar da ta sha wuya kamar tsohuwar akori-kura. Ita ke kwaso gero da wake daga Gatawa da Unguwar Lalle da Tsamaye, ita ke fito da albasa daga fadamun gulbin Rima, ita ke kai awaki da fatake kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Idan naƙuda ta tsananta wa mace da tsakar dare a ƙauyen da babu asibiti, ƙofar mai akori-kura ake bugawa. A yi mata lodi har kaya su ɗara kanta tsawo, mutane su hau bisa su zauna, ta nausa cikin yashi tana nishi, kuma da yardar Allah ta kai.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi direbobinsu. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo bayanta a 1968, shekarar da Toyota ta fitar da Hilux ta farko a Japan. A 1975 kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki, motocinsa suka cika hanyoyin Arewa. An daɗe da daina ƙera 404 da 504, amma ba a daina morar su ba. Mutane kan ce ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba, kuma gaskiyarsu. Sai dai ƙarfe shi kaɗai ba ya tashi da asuba ya kama hanya. Bayan kowace tsohuwar mota akwai bakanike, akwai mai walda, akwai mai faci, akwai kuma wanda ya fi su ƙarancin hayaniya: mai wayarin. Shi nake so in yaba, ta hanyar wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake kira katawut, mai daidaita ƙarfin wutar da ke shiga batir. Gano inda yake a tsohuwar mota, da gane halinsa, ilimi ne sosai, kuma a nan ake bambanta gwani da mai canza kaya.

Aikin da katawut ke yi

Batirin mota gida shida gare shi, kowane gida yana ba da bolt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta yakan nuna kusan bolt 12.6 a mita. Babban aikinsa shi ne ya juya kik inji ya tashi. Da zarar inji ya kama, ciyar da fitilu da kwayil da hon, da mayar wa batir abin da ya kashe, duk sun koma wuyan altaneto.

A tsakiyar altaneto akwai wani dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla, ana ce masa rota, fambel ne ke juya shi. Idan aka shigar da 'yar wuta cikin wannan naɗi ta hanyar kabon guda biyu da ke gogar zobba biyu na tagulla, sai dunƙulen ya zama maganaɗisu. Yana juyawa a cikin wasu naɗin waya uku da ke kewaye da shi, su kuma sai su haifar da wuta mai kai-da-komo. Dayod shida ne ke tsare ta su sa ta bi hanya ɗaya, irin wadda batir ke karɓa.

Matsalar ita ce inji ba ya tafiya da sauri ɗaya. Yanzu yana sulo a tasha, an jima direba ya taka totur zai fita daga yashi. Ƙaruwar juyi ƙaruwar wuta ce. In an bar altaneto ya yi yadda ya ga dama, a sulo ya ba da abin da ya samu, a guje kuma ya tura wutar da za ta tafasa ruwan batir ta ƙone ƙwayayen fitila. Ga shi kuma buƙatar motar kanta tana canzawa: da rana kwayil kawai ke ci, da dare fitilu sun shigo.

Nan katawut ke shigowa, kuma dabararsa abin sha'awa ce. Ba ya taɓa babbar wutar da ke fita, mai kai amfiya 40 ko 50. Abin da yake riƙe da shi ita ce 'yar wutar nan da ke shiga rota, wadda ba ta wuce amfiya 3 ko 4 ba. Idan ya ji ƙarfin wuta ya yi sama, sai ya rage wa rota abinci, maganaɗisu ya yi sanyi, wuta ta sauka. Idan ta sauka, ya sake buɗewa. Haka yake yi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, har ma'auni ya zauna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Duk wanda ya ga mai ban-ruwa a fadama ya ga katawut: ba ya ɗaukar ruwa a kai, yana tsaye ne a bakin hanyar ruwa da fartanya, ya buɗe fangali in ya bushe, ya toshe in ya cika, kuma da wannan ɗan motsi yake sarrafa ruwan garka duka.

Motocin da suka riga altaneto, irin 404 na farko-farko da tsofaffin Land Rover, dinamo gare su. Katawut ɗin dinamo ya fi aiki, domin ban da daidaita ƙarfi, dole ya kare dinamo daga ɗaukar nauyin da zai ƙone shi, dole kuma ya yanke hanya idan inji ya yi sanyi ko ya mutu, don kada batir ya juye wutarsa cikin dinamo. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa altaneto a matsayin kayan gida a motarsa Valiant ta 1960, sauran kamfanoni suka bi sahu. Dayod suka karɓi aikin hana wuta komawa baya, altaneto kuma da kansa yana da iyakar abin da zai iya fitarwa, sai aka bar wa katawut aikinsa guda na daidaita ƙarfi.

Ina yake?

A sabuwar mota wannan tambaya ba ta da wuya, littafin kamfani zai faɗa. A akori-kurar da ta shekara 40 tana yawo tsakanin hannuwa, littafi ya daina magana tuni. An sauke inji an sa wani, an canza altaneto ba sau ɗaya ba, wayar da ta fito daga kamfani ja ce yanzu ta zama shuɗiya daga tsakiya, an naɗe mahaɗin da salatif, ƙura da baƙin mai sun mayar da komai launi ɗaya.

Mai wayarin ya san cewa katawut zuriya uku ne. Akwai na farko mai kontak da sifirin, akwatin ƙarfe mai murfi da ake ɗaure wa a jikin mota ƙarƙashin bonet, galibi gefen madigadi ta ciki ko a bangon da ya raba inji da direba. Akwai na biyu, shi ma a waje yake, amma na lantarki ne zalla, babu abin da ke motsi a cikinsa, an cike bayansa da wani baƙin danƙo. Akwai na uku da ya koma jikin altaneto, wani manne a bayansa da sukurori biyu tare da kabon, wani kuma can ciki sai an warware. Shi ne masu sana'a ke kira aisi.

Saboda haka gwani ba ya fara da neman akwati. Yana fara wa daga bayan altaneto. Waya mai kauri da aka ɗaure da noti, wannan ta batir ce, ya bar ta. Ƙananan wayoyin yake so. Ya goge soket da tsumma ya ƙidaya bakinsa, ya duba haruffan da aka buga a jikin ƙarfe, sannan ya sa yatsa ya bi siririyar wayar, taƙi bayan taƙi, ta ƙarƙashin bututu, ta bayan batir, har inda ta kai shi. In ta shige dashbod kai tsaye zuwa jar fitilar caji, ya san katawut na cikin altaneto. In ta kai shi ga akwati a gefen madigadi, to ga shi nan.

Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Sau da dama za ka buɗe bonet ka ga katawut ɗaure a mazauninsa, da soket a jiki, kamar yana aiki, alhali ya shekara goma da mutuwa. Wani mai wayarin can baya ya sa altaneto mai aisi, ya yanke wayoyin tsohon akwatin a cikin naɗi, ya bar shi a wurin. Ɗan koyo mai gaggawa zai kwance shi, ya sa direba ya sayo sabo, ya ɗaura, matsala na nan daram. Wanda ya bi waya da yatsa ba ya faɗawa wannan rami, domin yatsansa zai iso wurin da aka datse.

Tambaya kafin sifana

Direba zai tsaya bakin rumfa, ya bar inji a kunne don tsoron kada ta ƙi tashi, ya ce: "Maigida, motag ga ba ta caji. A duba mini katawut." Gwani ba ya miƙa hannu ga sifana. Tambaya yake fara yi: "Batirin, mutuwa shikai ko tahwasa?"

Wannan tambaya ta raba ciwon gida biyu. In batir na mutuwa, sai an tura kullum da safe, fitila na yin ja idan dare ya yi nisa, to wuta ba ta isa. In kuwa batir na shan ruwa fiye da kima, jikinsa na zafi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, gefensa ya kumbura, ƙwayayen fitila na ƙonewa a jere, haske na ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, to wuta ta yi yawa. Kowane yana da hanyar bincikensa.

Sai ya sa a kashe mota. Ya danna fambel da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya duba gefensa ko ya yi santsi yana ƙyalli. Fambel mai zamewa ya sa an zargi katawut da yawa da laifin da ba nasu ba. Ya murɗa kan batir da hannu, in ya motsa ko farin gari ya taru a kai, ya sa yaro ya wanke ya ɗaure. Sannan ya ce da direba: "Buɗe makulli, kada ka yi kik." Ya leƙa dashbod. Jar fitilar caji dole ta kama. Direbobi na ɗaukar ta a matsayin gargaɗi kawai, amma a altaneto da yawa ta cikin wannan ɗan ƙwai ne wutar farko ke bi ta je ta tayar da maganaɗisun rota. In ƙwan ya ƙone, altaneto lafiyayye zai yi ta juyawa a banza, ko ya ƙi kamawa sai an taka totur da ƙarfi. Akwai motar da aka canza mata altaneto sukutum, alhali ɗan ƙwan dashbod ne ya mutu.

Daga nan sai ya ɗauki sukundireba, a tayar da inji, ya kai bakinta tsakiyar bayan altaneto, wurin da boris yake. In ya ji ƙarfen yana fizgar ta, rota na samun wuta, maganaɗisu na nan. In shiru, to ko kabon ya cinye, ko naɗin rota ya tsinke, ko katawut bai aiko da komai ba. Gwaji ne da ba ya buƙatar komai sai hannu mai ji.

Yanzu mita za ta yi magana. Ya ɗora ta a kan batir: a kashe 12.4, a ce. A tayar, a ɗan ɗaga totur. In allura ko lamba ta hau zuwa 14 ta tsaya, kuma ta zauna kusa da nan ko da an kunna manyan fitilu, caji lafiya lau, a je a binciki batirin kansa ko wata waya da ke satar wuta da dare. In ta tsaya a 12 da wani abu ba ta motsa ba, babu caji. In ta haye 15 tana neman 16, katawut ya saki linzami.

A ce babu caji. Saura a san mai laifi tsakanin altaneto da katawut, kuma a nan ne gwani ke yin abin da ke burge mai kallo. Ya zare wayar da ke zuwa rota daga katawut, ya kashe duk abin da ke cin wuta mai laushi, ya ɗauki guntuwar waya ya ba rota wuta kai tsaye na ɗan lokaci ƙanƙani, inji yana sulo, idonsa a kan mita. In altaneto ya yi wani ɗan kuka, inji ya ɗan nauyaya, lamba ta yi sama, ya cire wayar nan take. Altaneto ya wanke kansa, ciwon na wajen katawut ko wayoyinsa. In babu abin da ya motsa, sai a sauke altaneto a warware.

Ko a nan bai yanke wa katawut hukunci ba tukuna. Akwatin waje yana auna ƙarfin wuta ne tsakanin wayar makulli da jikin mota, kuma ta ƙafafunsa da aka ɗaure da noti yake haɗuwa da jikin. In tsatsa ta ci wurin, ko mai fenti ya shafe shi, ko wayar makulli ta bi ta fiyus mai datti ta iso da rauni, katawut zai ji kamar wuta ta yi ƙasa alhali ba ta yi ba, sai ya yi ta ƙara wa rota abinci har batir ya tafasa. Akwatin lafiyarsa ƙalau, labarin ƙarya ake kai masa. Maganin sanfefa ne da ɗaure noti. Mutum ya zo da shirin sayen kaya, ya tafi da kuɗinsa a aljihu.

Cikin akwatin

In bincike ya tabbata a kan tsohon katawut mai kontak, sai a cire kan batir, a kwance shi, a kawo kan benci. Murfin na fita, abin da ke ciki ba shi da yawa: ɗan naɗin siririyar waya a kan ƙarfe, wani ɗan falle da ke lilo a samansa, sifirin da ke riƙe da fallen, da bakin kontak ƙanana kamar ƙwayar gero. In ka juya shi, a ƙasa za ka ga rasista, naɗin waya a kan wani farin abu mai jure zafi.

Faɗa ne tsakanin sifirin da maganaɗisu. Sifirin na jan kontak ya haɗe, wuta ta tafi rota a cike. Ƙarfin wuta na hawa, naɗin nan ya yi ƙarfi ya rinjayi sifirin, ya janye fallen, kontak ya rabu, wuta ta koma bi ta rasista a raunane. Ƙarfi ya sauka, sifirin ya sake yin nasara. Da ido ba za ka ga buɗewa da rufewa ba, sai wata 'yar karkarwa da ɗan tartsatsi shuɗi. Wannan tartsatsi, cikin shekaru, shi ke cin bakin kontak ya bar rami a gefe ɗaya da tudu a ɗaya, ko ya manne su gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da ke shiga ta ko'ina tana ƙara nata.

Dubi hannun gwani a nan. Ya yanki sanfefa mafi laushi siririya, ya zura tsakanin bakin biyu, ya ja a hankali har su yi fari su daidaita. Ya bi da farar takarda mai tsabta ya share burbushi, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana su haɗuwa. Ya duba rasista ko ya tsinke. Ya mayar da akwatin jikin mota, a tayar, sannan ya zo kan saiti. Wani katawut yana da sukuru, wani kuwa sai an lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da sifirin ke rataye a kai. Ƙara wa sifirin ƙarfi ƙara bolt ne, sassauta shi ragewa ne, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani tana iya kai rabin bolt. Ya taɓa, ya kalli mita, ya mayar da murfi ya sake kallo, domin murfin ƙarfe kansa yana ɗan canza lissafi.

Yana kuma sane da ƙasar da yake zaune. A watannin bazara zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa. Batir mai zafi ba ya son wuta mai yawa. Abin da zai karɓa lafiya a sanyin Turai, a nan shanye masa ruwa zai yi. Masu ƙera katawut sun sa wani ƙarfe mai lanƙwasa da zafi don ya rage ƙarfi in wuri ya ɗumama, amma gwanin Gobir ba ya dogara da shi kaɗai. Ya fi son allura ta zauna wajen 14 ko ƙasa kaɗan, ya kuma jira inji ya yi zafi kafin ya ce aiki ya kammala.

Mota ɗaya, ƙasashe huɗu

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan sana'a shi ne yawan tsarin da mutum ɗaya ke riƙewa a ka. Peugeot ta zo da kayan Faransa, irin su Paris-Rhône da Ducellier, wayar rota a jikinsu EXC aka rubuta. Kayan Bosch na Jamus suna da B+ da D+ da DF da D-. Tsohuwar Hilux ta zo da na Nippondenso, soket mai baki shida: IG, N, F, E, L da B. Akwatin Lucas na Ingila a tsohuwar Land Rover yana da nasa haruffan, A da F da D da E. Kayan gyara kuwa abin da ya samu ne, daga Sakkwato ko Gusau, daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ko daga Maraɗi idan iyaka a buɗe take. Don haka ba abin mamaki ba ne ka ga 504 da altaneton Japan, an yi masa ƙafa da walda, ana neman katawut ɗin da zai zauna da shi.

Haɗa su ba wasa ba ne, domin gida biyu ne. A wani tsari, katawut na tsaye tsakanin makulli da rota, yana ba ta wuta, ɗaya bakin rota kuma na haɗe da jikin mota. A wani tsarin, rota na samun wuta kai tsaye, katawut kuma na tsaye a hanyarta ta komawa jiki. In aka haɗa katawut na wannan gida da altaneton wancan, ko dai caji ya ƙi zuwa sam, ko ya zo babu birki, ko sabon akwatin ya ƙone nan take. Gwani yana ganewa da ƙwan gwaji ko mita: ya taɓa bakin kabon ɗaya da jikin altaneto, ya ga ko a haɗe suke. Wasu daga cikin masu wannan aiki ba su yi boko mai nisa ba, amma taswirar wutar motoci na ƙasashe huɗu na zaune a kansu, kuma sun san dalilin kowace waya.

Sanin dalili ne ma ke hana shi wasu abubuwa da suka zama ruwan dare. Akwai al'adar cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. A zamanin dinamo an yi ta an wuce lafiya. A altaneto kuwa, batir ne ke shanye tsallen wuta. In ka cire shi, ƙarfin na iya yin sama farat ɗaya ya kashe dayod ko aisi, sai gwajin ya haifar da ciwon da ake nema. Akwai kuma haɗa rota kai tsaye a bar ta haka, a ce wa direba "je ka, tana caji." Tana caji kam, amma batir ne zai biya. Mai wayarin na ƙwarai in ya yi irin wannan don fitar da mota daga daji, zai faɗa wa direba gaskiya: kunna fitilu duka, kada ka yi gudu, kuma kana isa gari ka zo a gyara.

Abin da ke rataye a kan bolt biyu

Tsakanin 12 da 14 bolt biyu ne kacal, amma a wannan yanki nauyinsu ya fi na ko'ina. Motar fetur da ba ta caji tana tafiya ne a kan abin da ya rage a batir. Fitila za ta fara dushewa, kwayil ya fara yunwa, inji ya yi tari, daga nan ya tsaya, kuma ba ya zaɓen wuri. Kowa ya san halin da hanyoyin Isa da Sabon Birni suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ko ta dajin Gundumi zuwa Marnona, ko ta Goronyo, ko ta Shinkafi. Direbobi na lissafin tafiyarsu ne da rana, kowa na so magariba ta same shi cikin gari. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, ta yadda wanda motarsa ta mutu a hanya ba shi da halin kiran kowa. Mutum goma sha wani abu da ke bisa lodi ba su san sunan katawut ba, amma lafiyarsu na cikin abin da mai wayarin ya saita da safe.

Ga kuma aljihu. Batir sabo kuɗi ne mai nauyi ga mai mota ɗaya da ke ciyar da gida da ita, kuma katawut marar saiti na iya hallaka shi cikin 'yan makonni. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, hanyar kaya ta ƙuntata, wanda ya iya gyara abin da ke hannu shi ya riƙe motoci a kan hanya.

Duk da haka, an fi biyan mai canza kaya da daɗin rai fiye da mai bincike. Direba na ganin sabon akwati a kwali, ya ji an yi aiki. In gwani ya shafe rabin sa'a yana bin waya, ya gano tsatsa ƙarƙashin noti, ya goge, sai a ce "ai ba ka sa komai ba," a miƙa masa abin da bai kai kuɗin abinci ba. Wannan kuskure ne da ke koya wa yara masu tasowa cewa riba na cikin cire-ka-sa, ba cikin ganewa ba. Araha ba ta ado: wanda ya hana ka sayen abin da ba ka buƙata ya cancanci lada fiye da wanda ya sayar maka.

Ilimin kuma ba zai mutu da akori-kura ba. Babur na da nasa katawut. Janareto na da nasa. Allon sola da ke yaɗuwa a ƙauyukan Gobir, mai cajin waya da mai jan ruwa a garka, shi ma yana da akwatin da ke tsakaninsa da batir yana wannan aikin. Yaron da ya gane dalilin da ya sa sifirin da maganaɗisu ke ja-in-ja a tsohuwar 504, ya riga ya kama bakin zaren duk waɗannan. Don haka masu gareji su daure su sa mita a hannun yaransu tun da wuri, su bar su su bi waya da kansu har su gano, ko da aikin zai ɗan jinkirta. Makarantun koyon sana'a na jiha su san cewa akwai malamai a bakin tashar Isa da ta Sabon Birni da suka cancanci a nemi iliminsu. Direbobi kuma, in gwani ya mayar muku da mota tana caji ba tare da ya sa ku sayen komai ba, ku biya shi kuɗin saninsa cikakke, domin shi ne abu mafi tsada da aka sa wa motar a ranar.